Kwamfutar da Kawu Ya Naɗe da Salatif

Har yau a gidanmu, in aka tashi labarin kwamfutar nan, abu biyu ake faɗa: wai ni na lalata ta, wai kuma ɗan gwaggona ne ya gyara. Duka biyun ƙarya ne. Ni na gyara ta, wanda ya lalata ta kuwa yana can Doka yana shan shayinsa, ba wanda ya taɓa ce masa uffan.

Kwamfutar ta kawuna ce, ƙanen Inna, wakili a wata babbar gonar riɗi da dawa bayan Doka. Shekaru tana wurinsa a rumfar gona, ba abin da yake yi da ita sai kallon kokawa da sauraren karatu, don can ko shabakar waya, wato sabis, sai an hau kan tarakta. Da sakamakon jarabawata ya fito, ya aiko min da ita a lorin buhuna, cikin zanin gado, an naɗe gefunanta kaf da baƙin salatif kamar ƙafar da ta karye, ramin caji da na filashi kawai aka bari. Inna ta ce, "Kawunki ya ce kada a taɓa salatif ɗin nan." Duk muka ɗauka shi ke riƙe da ita kada ta tarwatse.

Ranar Alhamis za a rufe takdim, wato neman gurbin jami'a, kuma ta intanet kawai ake yinsa. A wayata shafin yakan kai rabi ya mutu. In na rasa, sai baɗi, kuma na san yadda baɗi take a gidanmu: shekara guda ina tsince tsakuwa a riɗi, ana ce min ai karatu ba ya guduwa.

Da na kunna kwamfutar, sai da na dafa shayi na sha kafin ta gama farkawa, ga ƙwayoyin cuta sun cika ta. Malamarmu ta kwamfuta ta taɓa ba ni filashi mai ɗauke da tsarin tafiyar da kwamfuta ɗin nan na kyauta, wanda kowa ke iya saukewa ya gyara. Na goge na Kawu, na sa shi. Ta tashi garau, kamar an yi mata wanka. Sai dai babu alamar shabaka ko ɗaya a kusurwa.

Wani alhaji mai sayen hatsi, abokin Baba, yana da ofis kusa da kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Ya ce in zo in yi amfani da shabakarsa, amma kada in kusanci tasa kwamfutar. Ran Litinin na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, na je. Ɗan gwaggona ya biyo ni ba tare da an gayyace shi ba. Yana da tebur a kasuwa inda yake sayar da rigar waya da caja, tun kuma ranar da ya canza wa wani gilashin waya ake ce masa bashmuhandis, wato babban injiniya, shi ma yana amsawa.

Ya juya kwamfutar, ya shinshina ta, ya ce, "Ya bit, ke yarinya, wa ya sa ki wannan aiki? Wannan tsarin na Turawan da ba su da aikin yi ne. Kawo in yi mata format."

Na ce, "Yaya, kai in akuya ta yi tari ma format za ka yi mata."

Alhaji ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Shi kuwa Yaya, don ya huce, ya jawo kebul daga akwatin shabakar Alhaji, ya sa reza ya yanke salatif daidai bakin ramin kebul, ya danna da ƙarfi. Ba ta yi ƙaras ɗin nan na shiga ba. Na ce masa bai shiga ba. Ya ce ya shiga, shi ne muhandis ko ni? Kwamfuta ta ce ba a sa kebul ba. Ya ce, "Kin gani? Ko kebul bai sani ba, tsarin naki."

Ni ma, don Allah ya nuna min iyakata, na yarda da shi. Yinin nan duka na ƙarar da shi ina neman ta'arif na kebul. Ta'arif ita ce 'yar manhajar da ke gabatar da kowane sashe ga kwamfuta, ta ce mata ga wane, ga yadda ake magana da shi. Na cire, na mayar, na sake cirewa. Ba abin da ya canza sai ciwon wuya.

A gida Inna ta ce baki ne, don maƙwabta sun ga an sauke ta daga lori. Ta turara ta da hayaƙi. Baba ya ce a bari Kawu ya zo bayan girbi. Bayan girbi! Na ce masa jami'a ba ta jiran riɗi ya bushe, ya ce in iya bakina.

Ran Talata na bar kebul na koma kan shabaka mara waya. Malamarmu ta turo min umarni biyu, na buɗe baƙar tagar nan da ake rubutu a ciki, na rubuta na farko. Kwamfuta ta fito da sunan katin kama shabaka da ke cikinta, ta kuma nuna ba shi da ta'arif. To, wannan kam ciwon gaske ne. Amma ka ji rashin kunya: don ka sami intanet sai ka sauke ta'arif, don ka sauke ta'arif sai da intanet. Na haɗa wayata da igiyar caji, na ɗora ta kan taga inda shabaka ke ɗan leƙowa, fayil ɗin ya yi ta rarrafe har ya iso. Na sa, na kashe, na kunna. Kati ya bayyana. Shabaka babu.

Ran Laraba na koma ofishin Alhaji, idona ja, Yaya na biye da ni. Na rubuta umarni na biyu. Layi ɗaya ya fito da Turanci, na karanta shi sau uku: an toshe katin ne daga jikin na'ura, ba daga manhaja ba. Daga jiki. Na dubi jikin nata, ba abin da nake gani sai salatif ɗin Kawu.

Na kama bakinsa na ja.

"Ke! Za ta watse!" in ji Yaya.

Ba ta watse ba. Ko tsaga babu. A ƙarƙashi, kowane ramin da salatif ya rufe an cusa masa auduga, don kada ƙurar sussuka da tururuwa su shiga, yadda 'yan gona suke toshe bakin jarkar mai da duk wani rami na injin girbi in za a ajiye shi. A gefen hagu kuma ga wani ɗan maɓalli na turawa, salatif ya danne shi a kashe. Na tura shi da farce. Wata 'yar fitila ta kama, shabakoki suka jero, har da ta mai shagon taya na tsallake. Na ari tsinken sakace a wurin Alhaji na zaƙulo ramin kebul: audugar da Yaya ya danna ciki da ƙarfinsa na muhandis, da ƙwayar riɗi huɗu. Na sa kebul, ya ce ƙaras.

A daidai lokacin Yaya ya miƙo hannu ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa biyu, ya ce, "Kalas, ta yi." Alhaji ya ce, "Ma sha Allah, bashmuhandis!" Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta ce hayaƙinta ma ya taimaka. Da na nuna mata audugar, cewa ta yi, "Allah sarki, kawunki akwai tattalin kaya."

Ban cike takdim a ranar ba. Na buɗe shafin, na kai wurin zaɓi, na tsaya. Baba ya riga ya faɗa min abin da zan sa a farko: koyarwa, don ita ta dace da mace, kuma ba a kai mutum nesa. Na rufe murfin na tafi gida da audugar a jakata.

Da safiyar Alhamis na koma ni kaɗai, na sa ilimin kwamfuta a zaɓi na farko, koyarwa a na biyu, na tura. Na yanke cewa Baba zai ji daga bakina ranar, bayan ya ci abincin rana, kafin Yaya ya riga ni ya ce shi ya ba ni shawara.