Ƙuri'ar da Na Hana Mai Tsaron Baya

Shekarar da aka yi gasar ƙwallo ta ƙarshe tsakanin gundumominmu, mu uku aka ɗora wa zaɓen gwarzon ɗan wasa: ni da nake koyarwa a firamare, da wani mai shagon kayan babur, da tsohon malamin motsa jiki, Kirista daga kudancin Kaduna da ya tsufa a Birnin Gwari.

Mutum biyu muka tsaya a kansu. Ɗaya ɗan gaban ƙungiyar cikin gari ne, tsohon ɗalibina, wanda ya fi kowa zura ƙwallo. Ɗayan mai tsaron baya ne na ƙungiyar ƙauyen Kutemeshi, manomi mai 'ya'ya uku da ke wasa da takalmin roba. Bai ci ko ɗaya ba, kuma a wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da su.

Tsohon ya ce, "Malam, cire ɗalibinka, 'yan gari za su samu wani ya ci musu. Cire wancan, me ya rage wa Kutemeshi? Shi ke tsara su, shi ke tarewa, shi ke raba faɗa."

Na ce, "Baba, ƙwallon da ta shiga raga kowa ya gani. Wadda aka hana shiga, wa ya san da ita?"

Mai shago ya bi bayana, aka ba ɗalibina kofi. Mai tsaron bayan ya zo ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce sai baɗi, ya hau babur.

Da damina ta yi nisa, 'yan bindiga suka fito daga daji suka harbe shi a gonarsa. Hanya ba ta biyuwa, sai bayan sadakar arba'in muka samu zuwa ta'aziyya, ni da tsohon.

Mahaifiyarsa ta shimfiɗa mana tabarma. Bayan addu'a ta ce, "Malam, an ce ku ne masu duba wasan. Ni ban taɓa ganin yana bugawa ba, faɗa ma nake yi masa kan yana barin gona. Da gaske ya iya?"

Na ce, "Inna, duk cikinsu babu kamarsa."

Tsohon bai ɗago ya dube ni ba. Ita kuwa ta daɗe tana gyaɗa kai, sannan ta tashi ta ɗebo mana ɗanyar gyaɗa a kwano. Ta ce shukarsa ce, maƙwabta ne suka cire mata.