Takardun Malam da Ƙosaina

Jikata ce ke rubuta mini wannan, ni ban san ko alif ba. Idan ta ga na yi shiru sai ta jira, kuka nake yi.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin Turanci ne a wata sakandare a Argungu, lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. Da jarrabawar fita ta matso, ya sa ɗalibansa kowa ya rubuta labari shafi biyu, ya gyara ya mayar musu su ga kurakuransu. Shugaban makaranta kuwa ya riga ya ce masa idan suka sake faɗuwa, ƙauye za a tura shi. Kwana tara yana zaune gindin darbejiya bayan la'asar, yana zuba musu jan biro kamar mahauci.

Ni kuma ƙosai nake soyawa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana kai mini ƙofar makarantar. Ran nan takardar naɗi ta ƙare. Na duba tulin da ke kan tabarmarsa. Da yake ni mai hankali ce, ban taɓa masu tsabta ba, na tsinto waɗanda jan biro ya lalata, na ce waɗannan dai sun tashi aiki, na naɗe ƙosan da su.

Da azahar ya shigo da guda a hannu, ta jiƙe sharkaf da mai.

"Ke, mi ne ne wanga?"

"Ƙosai ne, Malam. Ya yi sanyi?"

Ashe makaranta ta hargitse. Kowane ɗalibi yana bin ɗan'uwansa ya ga takardar wa ta faɗo masa, ana karanta kurakurai da ƙarfi ana shewa. 'Yan gatan nan da ya shekara yana roƙo su duba gyaransa, yau ga su suna karanta na juna har da haddacewa. Ashe ilimi yaji yake so.

Shugaban bai ga abin dariya ba. Aikin ɗalibai a hannun mai ƙosai! Bai ma jira sakamako ba, ya rubuta Sakkwato. Aka tura mu wani ƙauye bayan Birnin Kebbi, inda mota ke shiga ranar kasuwa kawai. Shekara shida muka yi.

Ko sau ɗaya bai goranta mini ba. Akwati dai ya saya wa takardunsa da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Da wankan gawa aka cire masa, aka miƙo mini.