Shuɗin Yadin Alhaji

Jiya a kasuwa na ga wani shuɗin yadi mai ratsin fari, sai raina ya ɓaci, na tuna marigayi Alhaji.

Da auduga ya yi arziki, ni ne direban babbar motarsa. Zamanin da kuɗin fetur suka shigo, sai ya koma rabon alheri. Duk azumi yakan raba wa talakawan unguwar Jekadafari, har da ni, yadi launi ɗaya, mai warin kanti, kuma dole da shi za a je idi. Kana shiga fili kowa ya san wanda aka tufatar.

Wata sallah irin shuɗin nan ya raba, ni kuwa na saka tsohuwar farar rigata. Muka je gaisuwa, zaure ya cika, turarensa har maƙogwaro. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Direba, ina rigata?"

"Ranka ya daɗe, tana wajen tela."

"To, jira a waje sai ta zo."

Na zauna kan dakali cikin rana, surukina yana kallo.

Yau masallatan da ya gina ake ta yabo, ni dakalin nan nake tunawa. Allah Ya jiƙansa, Ya rufa masa asiri a can, rufin da ya hana mu a nan.