Dakta Souwaiba Alkasum da Ɗakin da Yake Zufa

Haihuwa da ƙuruciya

A shekarar 1961 aka haifi Souwaiba a garin Agadas. Mahaifinta Alkasum baduku ne, mahaifiyarta Tabawa kuwa maginiyar tukwane. Tana 'yar shekara tara ta ga randar gidansu tana tsattsafo, sai ta shafe ta da siminti don kada ruwa ya salwanta. Ashe ɓarna ta yi, domin kashegari ruwan ya yi ɗumi. Tabawa ta ce mata: “Kin hana ta zufa, kin hana mu ruwan sanyi.”

Karatu

Bayan lakol da lise, wato firamare da sakandare, ta karanci kimiyyar fizik a Yamai, sannan a Faransa, inda ta sami digirin dakta a 1992. Fanninta shi ne ƙididdige 'yar rawar da ƙwayoyin abu suke yi, da alaƙarta da zafin da ke ficewa daga abin da bai daidaita da kewayensa ba. Randa ce dai, in ji ta, aka yi wa dogon suna.

Aure da aiki

Ta auri Chaibou, malamin asibiti, a 1994, ta koyar a Yamai shekara goma sha biyar. A 2009 ta komo gida, saboda takaicin tumatir ɗin masu lambun Tabelot, wani ƙauye a yankin Agadas, da yake ruɓewa kafin ya kai kasuwa. Ta gina musu ɗakin ajiya na laka mai bango biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Da yake ruwa tsada gare shi, daga hawa da saukar ma'aunin zafi take lissafa daidai gwargwadon da za a zuba, ba ƙari.

A 2010, tana Yamai jinya, masu lambun suka ga bango ya jiƙe, suka yaɓe shi da siminti. Amfanin shekarar ya ruɓe, har suka ƙudura rushe ɗakin. Da ta dawo, ba ta yi faɗa ba, labarin randar Tabawa ta ba su, ta ɗauki guduma ta fara kankarewa da hannunta. Shekarar da ta biyo, tumatir ya kwana goma sha biyu lafiya lau.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar 4 ga Mayu 2023, aka yi jana'izarta a Agadas bayan la'asar. Masu lambun suka zo ta'aziyya da kwandunan tumatir da ya kwana goma a ɗakin ajiyar da ta gina. Ta bar 'ya'ya uku: Marwan, Ramata, da Sakina, wadda take riƙe da ma'aunin a Tabelot har yau. Allah ya sanyaya makwancinta.