Karayar Hannun Dama

Shekara ashirin da shida Inna tana riƙe da makullin ɗakin ƙasusuwa a makarantar koyon aikin jinya. Aikinta shara ne da goge-goge, kuma ba ta taɓa cewa ta wuce haka ba. Amma duk wanda ya ratsa makarantar ya san ita ke buɗe ɗakin da ƙarfe bakwai, ta ɗage labule, ta gai da kwarangwal ɗin da ke rataye a kusurwa kafin ta gai da kowa. Dattijo take ce masa. Ta ce a duk ma'aikatan wurin shi kaɗai ne bai taɓa yi da ita ba.

Lokacin da aka ɗauke ta aiki, sauran masu shara sun ƙi ɗakin, wai tsoro. Ita kuwa ga 'ya'ya uku, ga miji bai cika shekara a ƙasa ba, ina ta ga lokacin tsoron abin da ko motsi ba ya yi? Ta samo tsohon burushi da tsumma mai laushi, ta riƙa bin Dattijo gaɓa-gaɓa, daga ƙoƙon kai zuwa haƙarƙari, zuwa ƙashin baya inda ƙura ke son maƙalewa, har ƙananan ƙasusuwan yatsu da aka jera a waya. Malamai na koyarwa, tana goge taga tana kasa kunne. Sunayen Turanci sun ƙi zama a kanta, sai ta raɗa nata. Ƙasusuwa biyun nan da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ɗaya ta sa masa Mazauni, ɗaya Mai Juyi, don shi ne na gefen babban yatsa, wanda ke mirginawa kan ɗan'uwansa duk sa'ad da mutum ya kifa tafinsa ko ya buɗe shi sama.

Mai Juyi kam ta san shi tun kafin ta zo nan. Shekarar da mijinta ya kwanta ciwo ta zame a matakala da bokitin ruwa, nata na dama ya karye. Aka ɗaure, ta kwance kafin lokaci saboda wankin mutane na jiranta, ƙashin ya haɗe a karkace. Tun ranar tafin hannunta na dama bai ƙara kallon sama ba. In za ta karɓi canji a kasuwa sai ta karkata kafaɗa gaba ɗaya. Ko a addu'a hannu ɗaya ne ke buɗewa sosai, takan ce Mai sama ya san labarin karayar.

A makonta na farko, tana goge hannun Dattijo na dama, yatsunta suka ci karo da wani ƙulli a jikin Mai Juyinsa, daidai inda nata yake. Ta shafa nasa, ta shafa nata. Sai ta zauna a benci ta ce, "Ashe kai ma ka faɗi." Daga ranar ta daina ganinsa kayan koyarwa, ta ɗauke shi ɗan'uwa.

Bana aka kawo sabon shugaban sashe, mutum mai sauri da son takarda. Ya zo da wani mai gyaran kayan aiki da kowa ke kira Injiniya, ko da yake ba wanda ya san inda ya samo injiniyancin. A lokacin hutu Injiniya ya sauke hannuwan Dattijo ya canza musu waya. Da aka dawo karatu, wani malami ya ɗaga hannun dama zai nuna wa ɗalibai, wayar ta ɓalle, tafin ya faɗo, ƙasusuwan yatsu suka watse har ƙarƙashin kujeru. Injiniya bai yi wata-wata ba ya ce mai shara ce ta doke shi da sandar goge ƙasa. Kafin azahar takarda ta fito: Inna ta miƙa makulli, ta koma sharar wurin ajiye motoci.

Babbar 'yarta, mai ɗinki, ta ce, "Inna, shekara biyu ta rage miki ki ajiye aiki. Ki ba su abinsu ki huta."

"Sharar mota ba ta fi ƙarfina ba," in ji Inna. "Ƙarya ce ba zan kwashe ba."

Washegari ta buɗe ɗakin kamar kullum, ta zauna a benci ta ƙi tashi. Ɗalibai suka shigo, suka cika kujeru. Aka je aka gaya wa shugaba, ya iso rai a ɓace, Injiniya na biye da shi.

"Inna, ba ki ga takardata ba?"

"An karanta mini, Yallaɓai." Ta ajiye makullin a kan tebur. "Ga shi nan. Amma ka duba shi kafin ka sa hannu?"

"Duba wa?"

"Wanda aka ce na ji wa ciwo."

Wasu ɗalibai suka rufe baki suna dariya. Inna ko kallo ba su ishe ta ba. Ta naɗe hannun rigarta har gwiwa, ta miƙa wa wata ɗaliba da ke gaba. "'Yata, taɓa nan. Me kika ji?"

"Ƙulli, Inna."

"Karaya ce, shekara kusan talatin. Dattijo ma yana da irinta, a hannun dama. Yanzu je ki nemo masa ita."

Ɗalibar ta bi hannun dama da yatsa, ba ta sami komai ba. Ta koma na hagu, sai ta tsaya. Ta dubi shugaba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ga ta a hagu. Kuma zangon da ya wuce a dama aka nuna mana."

"Karaya ba ta ƙaura," in ji Inna. "An ba hagu ƙashin dama, an ba dama na hagu, aka ɗaure da ƙarfin tsiya. Ina waya za ta riƙe?"

Injiniya ya ce ai ƙashi duk ƙashi ne, tsawonsu ɗaya.

"Takalminka ma tsawonsu ɗaya," ta ce. "Musanya su ka taka mu gani."

Shugaba ya matso ya kama ƙashin, ya juya shi sau ɗaya. Tsinin da ya kamata ya kalli babban yatsa yana kallon Mazauni. Mutum ne mai ilmi, ko minti bai yi ba ya gane. Abin da ya fi ƙona wa Inna rai ke nan: minti ɗaya kawai ake bukata, aka rasa wanda zai ba ta shi bayan shekara ashirin da shida.

Bai ba da haƙuri ba, irinsu bakinsu nauyi gare shi a nan. Ya dai ce wa Injiniya ya same shi a ofis. Sannan ya ɗauki makullin da yatsa biyu, ya miƙo yana lilo, yana jira ta tara hannu ya sakar mata.

Inna ta miƙa hannun dama a kife, yadda Allah ya bar shi. Ba ta karkata kafaɗa ba, ba ta kawo na hagu ba. Shugaba ya dubi ƙullin da ke hannunta, ya dubi fuskarta. Can sai ya juya nasa hannun, ya buɗe tafinsa sama, makullin na kwance a ciki. Ta sa yatsu ta ɗauke shi daga sama, ta ɗaure a gefen zanenta.

"Ku ɗaga ƙafafunku," ta ce wa ɗalibai tana jawo tsintsiya. "Saura ƙashin ɗan yatsa guda ban gani ba."