Bencin Ranar Alhamis

Matso kusa, ɗan'uwa, ja kujerar nan ka zauna. Ajiye wayar tukuna. Labarin wata tsohuwa zan ba ka, wadda 'yan cocinsu ke kira Mama Mai Zare.

Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keken ɗinki a jikin taga, ƙyallaye cike da kwali a ƙarƙashin tebur. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu aiki ya kai su nesa. Sauran ranaku tana kan keke, amma ran Alhamis ko kayan biki ka kawo mata, kwaɗo za ka tarar a ƙofa. Gidan yari take zuwa, shekara ashirin da shida ke nan.

Su biyar suka fara, cocin Katolika na unguwarsu ne ya tura su ziyartar fursunoni. A ƙofar gidan ana karɓe waya da makulli da ɗamara, har da rosari, wato carbin addu'arsu, saboda sarƙar ƙarfen da ke jikinsa. Doguwar igiya ma ba ta shiga. Sai Mama ta murɗa zaren ɗinki, ta yi masa ƙulli goma, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Gandirobobi suka jujjuya shi, suka ce wannan kam ya wuce. Daga nan sunan ya bi ta.

Dokar gidan kuwa ba ta tanƙwaruwa. Ƙungiya ba ta shiga sai da mutum uku, kuma sau ɗaya a shekara ake sabunta takardar sunaye. Shekaru suka yi ta zaftare su. Katikis, malamin cocin da ke jagorantarsu, ya rasu, wasu suka ƙaura, aka yi ta ciko da ƙyar. A shekarar da nake ba ka labari saura Mama, da wata tsohuwar malamar makaranta, da wani dattijo mai gyaran agogo. Sai 'yar malamar ta zo ta tafi da uwarta. Likita kuma ya duba gwiwar Mama ya ce sai an yi aiki, za ta yi watanni a kwance. Takardar sunaye ƙarshen wata ake jiranta.

A cikin gidan akwai wani tsoho mai ɗaurin rai da rai, ana ce masa Baba Mai Tari. Shekara goma sha tara babu ɗan'uwansa da ya leƙo shi. Da Mama ta gaya masa halin da ake ciki, ya daɗe yana kallon tagar nan ɗaya da ke can sama.

"Mai Zare, da zuwanku nake gane mako ya zagayo," ya ce. "In kun daina, ranakun duk ɗaya za su zame mini."

Ran Lahadi Mama ta roƙi Fada, limamin cocin, ya ba ta minti biyu bayan ibadar Misa. Ta tsaya a gaba, ta faɗi abin da ta saba jin Katikis yana faɗa: ana neman masu sanin Littafi, masu iya wa'azi da jagorantar addu'a. Mutanen bencin gaba suka yaba mata sosai, kowa kuma da uzurinsa. Mutum ɗaya ne ya tare ta a bakin ƙofa, wani direban tasi da kullum a can baya yake tsayuwa, hularsa a hannu.

"Mama, ni fa ban iya wa'azi ba. Karatun ma sai a hankali. Amma Alhamis da safe ina da sarari."

"Ɗana, wajen nan ba na gwaji ba ne. Fara shiga ajin koyon Littafi, baɗi sai mu gani."

Ya ce, "To, Mama." Ya sa hularsa ya tafi.

Da ƙyar ta shawo kan shugaban mawaƙa ya bi su ran Alhamis da takardar baƙo, ya cika musu uku. Ya yi wa'azin tuba na minti hamsin, muryarsa har tsakar gida. A hanyar komawa ya ce warin wajen ya hau masa kai, a yi masa haƙuri. Amma kafin su fito, Baba Mai Tari ya riga ya ja Mama gefen benci.

"Wannan ɗan naki muryarsa da daɗi, sai dai bai tambayi kowa komai ba. Ke fa, faɗa mini wa'azi ɗaya da kika taɓa yi mana."

Ta ce ba ta tuna ko ɗaya ba.

"Ke zama kike yi," ya ce. "Ki ce yaya tari, ki yi shiru har in gama. Shi ke nan aikin naki."

Washegari ta dogara sanda har tashar tasi. Ta sami direban yana goge gilashi.

"Ɗana, haƙuri na zo ba ka. Na kore ka daga aikin da ni ma ban cika sharaɗinsa ba."

"Haba Mama, da wannan ƙafar? Ai da kin aiko, mota gare ni."

"Me ya sa kake son zuwa?"

Ya ninke tsumman hannunsa. Ya ce ranakun ziyara yana yawan kai mata ƙofar gidan yarin, ya jira su. Da surutu suke tafiya, a dawowa babu mai cewa uffan. Ya san yadda na waje suke fitowa, kullum yana tunanin yadda aka bar na ciki.

Lahadin da ta biyo Mama ba ta je gaba ba. Ta sa kujera a ƙofar baya, inda masu makara da masu goyo suke tsayuwa, tana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya: "Kin iya zama ki saurari mutum ba ki katse shi ba?" Matar da ke sharar coci ta ce ta iya, ƙaninta a irin wannan gidan ya rasu, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wata nas mai hutun Alhamis ta ba da sunanta. Sai wani birkila baƙo, wanda ashe yarensu ɗaya da wasu fursunoni uku da babu mai iya magana da su.

Ta tara su a shagonta tana koya musu ƙullin zare. Mai gyaran agogo ya dube su ya taɓe baki.

"Waɗannan ko addu'ar safe ba za su kai ƙarshenta ba."

"Kai da ka kai, shekara nawa agogon ɗakin ziyarar can yana tsaye kana kallonsa?" in ji Mama.

Takarda ta tafi da suna biyar, ana saura kwana biyu. Nata ba ya ciki.

Alhamis ta farko bayan aikin gwiwar, tana kwance a gadon asibiti, direban ya shigo da la'asar.

"Baba Mai Tari ya fito?" ta tambaya.

"Ya fito, Mama. Da farko ƙofa yake ta kallo, ko za ki shigo. Na ce yaya tari, na kama bakina. Rabin awa yana ba ni labarin mahaifiyarsa. Da na miƙa masa zaren da na ƙulla, ya ƙirga, ya ce a gaya miki ɗalibinki ƙulli goma sha ɗaya ya yi."

"Ai na ce ka riƙa ƙirgawa. Karɓo shi in gyara."

"Ya hana. Ya ce na ƙarin nan, addu'ar ƙafarki zai riƙa yi da shi."

Mama ta juya fuskarta wajen bango.

Ƙafar ba ta ƙara kai ta gidan yarin ba. Tana nan a shagonta tana murɗa zare, su direba suna biyowa su ɗauka duk Alhamis. Benci huɗu ne a ɗakin ziyarar, har yanzu biyu babu mai zama a kansu. Kai fa, ɗan'uwa, ka iya zama ka yi shiru har mutum ya gama?