Ajuji, Hafilin Ɗin da Aka Kashe Mini

Bayan na dawo daga bautar ƙasa na yi zaman jiran aiki mai tsawo a Runjin Sambo, kuma a wannan zaman ne wani abokina, wanda muka yi jami'a tare, ya koya mana wani wasa. Ana zama ne a kewaye, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa yana riƙe da jaruminsa a cikin wata duniyar ƙirƙira mai dodanni da matsafa. In jaruminka zai yi abu mai haɗari, sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin, abin da ya nuna shi ne hukunci. Abokin nawa shi ne mai jan labarin. Mu huɗu ne, muna haɗuwa a zauren gidansu ranar Asabar bayan la'asar.

Ni na zaɓi wata al'umma da littafin wasan ke kira hafilin. Mutane ne masu rabin tsayin ɗan'adam, manoma, masu son abinci da zaman gida, ba su da ƙarfin yaƙi. Ban san dalilin da ya sa na zaɓe su ba. Wataƙila don na ga ba wanda ya so su.

Sai maganar suna. Mai jan labari ya ce in shiga intanet, akwai shafin da ake latsawa ya fito da sunayensu. Na latsa. Duk sunayen ƙauyukan Turawa ne, wasu ma harshena bai iya juya su. Na kwana biyu ina tunani, kamar yadda nake yi wa kowane ƙaramin abu. Na tambayi kaina: mutanen da ke zaune tsakanin ƙattai, waɗanda ba su da makami sai ɓuya, wane irin suna za su raɗa wa 'ya'yansu? A ganina ba za su sa sunan da zai ja ido ba. Za su sa sunan da zai sa mai neman su ya wuce bai waiwayo ba.

Irin waɗannan sunaye kuwa muna da su. Kakata ta wajen uba, a Ƙofar Dundaye, ta binne 'ya'ya bi da bi kafin ta haifi mahaifina. Da aka haife shi, tsofaffin gidan suka ɗauke shi suka ajiye a kan juji na ɗan lokaci, kamar ba a son shi, sannan aka ɗauko. Suka yi masa laƙabi irin na yaran da ake nuna an yasar, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Har yau da laƙabin nan tsaransa ke kiran shi, ya ma danne sunan yanka. Ba zan rubuta shi ba, ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Sai na ɗauki wani mai kama da shi na ba hafilin ɗina: Ajuji. Na ce dukan ƙauyensu haka suke, akwai Ayashe, akwai Mantau.

Ranar da na faɗi sunan, mai jan labari ya yi dariya har ya kwanta a tabarma.

"Mi kac ce? Ajuji? Malam, digiri gare ka, ka rasa sunan da za ka sa sai jibji?"

Na yi masa bayani a hankali, ina jin har na nemi afuwa don na tsawaita. Ya ce ya ji. Ban yi zaton ya ji ba, domin daga ranar labarin ya canja. Duk garin da jarumanmu suka shiga, sai ya ce mutane sun toshe hanci. In an sauka masauki, sauran su samu ɗaki, Ajuji a kai shi bayan gida wajen shara. Ya daina ma kiran sunan, ya koma Ɗan Bola. Sauran biyun suna dariya. Ɗaya daga cikinsu, malamin firamare ne ɗan Filato da ke haya a Gidan Dahala, ya taɓa cewa su ma a garinsu akwai irin sunayen, a bar zolayar. Mai jan labari ya ce ai wasa ne.

Na san wasa ne. Na sha gaya wa kaina haka a cikin keke ina komawa gida. Amma abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan ya haddace sunayen aljannun littafin Turawan nan kaf, in ka kuskure harafi ɗaya sai ya tsayar da wasa ya gyara maka. Ya san ma'anar kowanne a harshen da wani ya zauna ya ƙirƙira. Sunan da kakanninsa suka raɗa da hawaye kuwa, shi ne abin dariya. Da na sake yi masa magana ya ce waɗannan sunayen ƙauye ne, camfi ne, bai kamata mai ilimi ya farfaɗo da su ba. Mai yiwuwa camfi ne, ban musa ba, ni ma ban ce juji yana hana mutuwa ba. Amma wasan da muke yi cike yake da matsafa masu jefa wuta, bai taɓa kiran su camfi ba.

Kuma ya san mahaifina. Ya ci tuwo a gidanmu ba sau ɗaya ba. Ya ji abokan Baba suna sallama suna kiran laƙabin nan. Ko bai haɗa abin a ransa ba ne, ko ya haɗa bai damu ba, har yanzu ban sani ba, kuma ban san wanne ya fi muni ba.

Wata Asabar jarumanmu suna gudu daga wani dodo, sai ya ce Ajuji ya zame ya faɗa ramin shara, shara ta rufta da shi, ya mutu. Bai ce in jefa ɗan lido ba. Na ce ƙa'ida ita ce in jefa. Ya ce mai jan labari yana da ikon yanke hukunci, kuma ai Ajuji gida ya koma.

Ni ba mai faɗa ba ne, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Ya ce in ƙirƙiri sabon jarumi, wannan karon da suna mai daɗin ji. Na ce to, ƙanen Ajuji ne, hafilin ne shi ma, sunansa Abarshi.

"Wanga ma irin wancan ne," in ji shi. "Ba ni kiran shi."

"Kana kiran na Baba in ka zo gidanmu?"

Sai ya ce kada in sa iyaye cikin wasa, kamar ni na fara. Malamin firamaren ya ce a bar ni da sunana a ci gaba. Na huɗunmu yana danna waya. Na jira mai jan labari ya ce Abarshi, sau ɗaya kawai, da na zauna. Ya ce in ba zan canja ba, sai dai su ci gaba su uku.

Na sa takalmana na fita. Muna gaisawa in mun haɗu a masallacin Juma'a, amma ban sake shiga zauren ba. An ce sun samu wani ya maye gurbina, shi ma hafilin ya ɗauka, sunan kuma daga shafin intanet ɗin nan ya latso shi.